Iskar kabon a akwatin kifi: butelin yis, tukunyar gas, ko a bar ganye ya yi da kansa?

Ƙanena da ke aiki a Tawa ya kira ni bayan isha'i. Ko gaisuwa ba mu ƙare ba ya ce, "Yaya, ganyen nan na cikin akwatin kifina ya ƙi gaba. Na ga ana haɗa sukari da yis a buteli a ba shi iska. In haɗa, ko in tara kuɗi in sayi tukunya irin taka?"

Na ce, "Auta, sau nawa aka ɗauke muku wuta a satin nan?"

Ya zaci na sauya zance ne. Ni kuwa tambayar da na so wani ya yi mini ke nan kafin in yi asarar kifayena a nan Yamai. A bazara ne, akwatin lita 60, butelin yis sabon haɗi na kwana biyu yana ta aiki. Wuta ta tafi cikin dare, matatar ruwa ta tsaya, saman ruwa ya kwanta lif kamar madubi, ga murfi na rufe ruf saboda ƙura. Shi kuwa yis babu ruwansa da wuta. Da na fito sallar asuba na haska fitilar waya, sai na ga kifaye sun taru a sama suna buɗe baki, dodon koɗi duk sun hau gilashi sun fito daga ruwa, wasu kifayen kuma sun riga sun kwanta a gefe. Na yi ta ɗibar ruwa da moɗa ina kwararawa daga sama har gari ya waye. Rabi suka tashi. Har yau in na tuna raina ba ya mini daɗi, domin dabba ce da na tsare a gilashi da hannuna, ba ta da wurin gudu.

Tun daga ranar, in za a kwatanta mini hanyoyin ba ganye iskar kabon, wato CO2, abin da nake fara dubawa shi ne: in wuta ta tafi ƙarfe biyu na dare kuma kowa na barci, me wannan na'ura za ta yi?

Sai an san yadda iskar ke kisa kafin a gane dalilin tambayar. Mutane da yawa suna cewa kabon na korar oksijin daga ruwa. Ba haka ba ne, ruwa na iya ɗaukar su biyun lokaci guda. Abin da ke faruwa a jikin kifi yake. Kifi na fitar da kabon ɗin jininsa ta matatar numfashin da ke gefen kansa, kuma fitar tana yiwuwa ne in na cikin ruwa bai kai na cikin jini ba. In ruwa ya cika da kabon, na jini ya rasa mafita, jinin ya yi tsami, ya kasa riƙe oksijin yadda ya saba. Sai ka ga kifi na shaƙewa a ruwan da ke da oksijin. To ina ga ruwan da oksijin ɗinsa ma ya yi ƙasa? Nan zafinmu ya shigo. Lita ɗaya ta ruwa mai digiri 25 tana riƙe oksijin miligiram 8 da ɗan ɗoriya, a digiri 35 kuwa da ƙyar ta kai 7, alhali buƙatar kifi na ƙaruwa da zafi, tana kusan ninkawa duk ƙarin digiri 10. A Afrilu da Mayu, lokacin da rana ke haura digiri 40 a Yamai da Tawa, ruwan akwati a ɗakin da ba na'urar sanyaya ɗaki yakan wuce 30. Da dare kuma ganyen da ke ba da oksijin da rana ya juya, shi ma yana shan oksijin yana fitar da kabon. Shi ya sa asuba ce lokacin mutuwa.

Adadin da masu wannan sana'a suka saba nema shi ne miligiram 30 na kabon a lita. Akwatin da ba a ba shi komai yakan tsaya tsakanin 2 da 5. Lissafa ka gani: lita 60 sau miligiram 30, ko giram biyu bai cika ba. Sukari giram 200 in yis ya cinye shi tas yana ba da kabon kusan giram 100. Tukunya mai kilo 2 kuwa tana ɗauke da fiye da ninki dubu na abin da ruwan ke buƙata. Kowace hanya ka zaɓa, abin da ke cikin ma'ajiyarta ya isa ya kashe kifayenka sau da yawa. Bambancin yana ga makulli.

Butelin yis shi ne ba shi da makulli kwata-kwata, kuma shi ya fi jan hankalin mai farawa, don komai nasa yana shagon unguwa: butelin roba, sukari, yis ɗin burodi, tiyo siriri. Ba zan raina shi ba, na ga ganye ya yi kyau da shi. Amma ka san halinsa. Yis abu ne mai rai, zafi ke tuƙa shi, kamar yadda kowace mai fanke ta san ƙullinta na tashi da wuri a bazara, ya yi nawa a ɗari. Haɗin da za ka karanta an ce yana mako biyu ko uku, a ƙasashen sanyi aka auna shi. A ɗakinmu na bazara sai ya zuba ƙarfinsa duka a ƴan kwanakin farko sannan ya mutu. Wato iskar ta fi yawa daidai lokacin da oksijin ya fi ƙaranci. A Disamba da Janairu, da dare ke sauka ƙasa da digiri 20, sai ya yi sanyi ya bar ganye da yunwa, kuma wannan hawa da sauka shi gansakuka ke so. In ka ce bari ka toshe tiyon da dare, matsi ya taru, buteli ya kumbura, wata rana ya fashe ya wanke maka bango da ruwan tsami. Abin da ake iyawa shi ne a zare tiyon daga ruwa kowane dare a mayar da safe, kuma wannan aiki ne da ya dogara da kada ka manta ko sau ɗaya, kada ka yi tafiya, kada barci ya sace ka. Akwai kuma haɗari na biyu: in buteli ya faɗi ko kumfa ta hau, ruwan sukari ya bi tiyo ya shiga akwati, ƙwayoyin cuta su yi caa a kansa, ruwa ya yi fari, oksijin ya ƙare cikin sa'o'i. Ana rage wannan da ƙaramin buteli na biyu a tsakani mai tare abin da ya zubo. Sannan in faɗa maka abin da wasu ba sa faɗa: abin da ke saura a butelin barasa ce, warinta ma zai gaya maka. Ba sha ake ba, zubarwa ake, amma akwai gidajen da ko ajiye ta ba za a so ba, kuma ya kamata mutum ya sani kafin ya haɗa.

Akwai ƴar uwar wannan hanya da ta fi ta hankali, wato haɗin ɗan tsami da bikarbonat. Nan babu abu mai rai, sinadari ne ke haɗuwa da sinadari, giram 200 na bikarbonat da tsamin da ya ishe shi suna ba da kabon kusan giram 100. Iri biyu ne. Mai butelin roba biyu yana da araha, amma ranar da tsami ya kwarara da yawa lokaci guda matsi na tashi farat ɗaya. Mai gwangwanin ƙarfe, wanda ake zuba komai a ɗaure, ya fi aminci, yana zuwa da agogon matsi da allurar daidaita fita, ana kuma iya ɗaura masa makullin lantarki. Ga mutumin Tawa da cika tukunya zai zame masa tafiyar fiye da kilomita 500 zuwa Yamai, wannan abin dubawa ne da gaske, don kayan haɗinsa ba su da wuyar samu. Sai dai kada a ce za a musanya bikarbonat da kanwa don tana da yawa a kasuwa. Kanwa gauraye ce, ƙarfinta ya bambanta daga wannan dunƙule zuwa wancan, ga ƙasa a ciki mai toshe allura.

Tukunyar gas ita nake amfani da ita yanzu, kuma ita ce ta fi tsada nesa ba kusa ba. Ita ce kuma, in an haɗa ta daidai, ta fi kowace amsa tambayata ta ƙarfe biyu na dare. Sirrin yana ga ɗan makullin lantarkin da ake ɗaurawa bayan detandar, wato na'urar da ke bakin tukunya mai rage matsin gas. Ƙirarsa ita ce a rufe yake sai an ba shi wuta. Wuta na tafiya ya rufe da kansa, ka ji ɗan ƙas. Matata ta tsaya, fitila ta mutu, gas ma ya tsaya. Wanda ya zauna Yamai a watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke layin wutar da ke shigowa daga Najeriya, ya san abin da ake nufi da wuta ta yi sa'o'i ba ta dawo ba, kuma ko ba wannan, kowace bazara da nata rabon. Tukunyar da ba ta da wannan makulli ta fi butelin yis haɗari, don tana da ƙarfin da ya fi nasa kuma ita ma ba ta san wuta ta tafi ba. Wanda kuɗinsa bai kai ya haɗa da makullin ba, bai kai sayen tukunya ba tukuna.

Amma fa makullin sai an san inda aka jona shi. Na ga wanda ya jona makullin gas a layin sola da batiri, ya bar matata a wutar gari, wato ya warware amfanin abin da hannunsa. Makullin gas da matata su kasance a layi ɗaya, duk abin da ya tsayar da motsin ruwa ya tsayar da gas. Haka agogon da ke kunnawa da kashewa. Mai juyawa, irin mai haƙora, yana tsayawa in wuta ta tafi, in ta yi awa uku ba ta nan ya koma baya da awa uku. In fitila na kan wani agogo, gas na kan wani, wata rana gas zai yi ta zuba cikin duhu. Ana ba da shawarar a kunna gas awa ɗaya ko biyu kafin fitila, a kashe awa ɗaya kafin ta mutu, kuma shawara ce mai kyau ga mai agogon lambobi da ke da batiri a ciki. Wanda ba shi da irinsa ya ɗora fitila da gas a kan agogo ɗaya. Ganye zai ɗan yi asarar awar farko, kifi kuwa ba zai taɓa kwana cikin gas ba.

Sauran abin da ke kashe kifi a hanyar tukunya shi ne ƙarshenta. Kabon a cikin tukunya ruwa-ruwa yake, shi ya sa allurar agogon matsi ke tsayawa wuri ɗaya, wajen bar 57 (bar ma'aunin matsi ne) a digiri 20, har sai ruwan ya ƙare sannan ta fara sauka. A daidai wannan gaɓa, detandar mai mataki ɗaya, irin mai araha, yakan kasa riƙe matsin fita, ya saki ragowar gas ɗin cikin akwati da ƙarfi. Mai mataki biyu an ƙera shi ne don hana wannan. In mai mataki ɗaya gare ka, kada ka ce sai ka shanye kuɗinka, da allura ta fara sauka ka kai a cika. Zafinmu kuma ya ƙara dagula karatun agogon, domin sama da digiri 31 kabon ba ya zama ruwa komai matsinsa, sai allura ta riƙa hawa da rana tana sauka da dare. Ni sikeli nake amincewa da shi: nauyin tukunya ba komai a buge yake a wuyanta, in ka auna ka cire, ka san abin da ya rage. Kada a bar cikakkiyar tukunya a rana, ko a bayan mota da tsakar rana a hanyar Dosso da Konni, matsinta na tashi sosai har ƙaramin faifan kariyarta ya fashe ya saki komai. A tsaye ake ajiye ta, a ɗaure. Kuma detandar gas ɗin girki ba ya shiga wannan magana ko kusa: butelin girki matsinsa bar kaɗan ne, wannan kuwa ya haura 50. Wani abu guda da ya shafi mutane ba kifi ba: kilo 2 na kabon in ya fita ya kai lita 1000 na gas, a ƙaramin ɗaki rufaffe ya wuce kashi 3 cikin ɗari na iskar ɗakin. Ba na ajiye tukunya a ɗakin da yara ke kwana an rufe ƙofa da taga.

Akwai ruwan magani da ake sayarwa da sunan kabon na ruwa, irin su Flourish Excel da EasyCarbo. Zan wuce shi da sauri don ba iskar kabon ba ce. Sinadari ne dangin glutaraldehid, wanda ake wanke kayan aikin asibiti da mai ƙarfinsa. Amfaninsa ya fi yawa wajen kashe gansakuka. Ba ya shaƙe kifi da dare, gaskiya ne, amma in hannu ya zarce guba ne kai tsaye, yana kuma narkar da wasu ganyaye irin su Vallisneria. A auna shi da sirinji, a ɓoye shi daga yara.

Sai hanyar da ba a cika lissafa ta cikin zaɓi ba, alhali ita ce ta fi dacewa da yawancinmu: kada a ba da gas sam. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ganyen da ke buƙatar gas su ne masu jan launi da ƙananan nan da ake shimfiɗawa kamar darduma. Amma Anubias, wanda asalinsa ma na yankinmu ne na Afirka ta Yamma, daga ƙoramun Najeriya da Kamaru, yana rayuwa lafiya da ɗan kabon da kifi ke fitarwa, a ɗaure shi kan dutse ko itace kawai, kada a binne saiwarsa mai kauri. Haka Cryptocoryne da ganyen Java. Vallisneria da Ceratophyllum suna iya ciro kabon ɗinsu daga bikarbonat ɗin da ke narke cikin ruwa. Ga kuma kainuwa, dashen Allah, wadda ganyenta ke sama tana shan kabon daga iskar ɗaki, saiwarta na tsotse dattin ruwa. A wanke ta sosai a ware ta ƴan kwanaki in daga tafki aka ɗebo, kuma a riƙa rage ta kada ta rufe fiye da kashi ɗaya cikin uku na saman ruwa, don in ta rufe duka ita ma tana hana ruwa numfashi. Abin da za ka biya a wannan hanya haƙuri ne. Anubias na iya yin wata yana fitar da ganye ɗaya ko biyu. Kuma sai ka rage fitila, awa 6 zuwa 7 mai matsakaicin haske, domin haske mai ƙarfi ba tare da gas ba gonar gansakuka ce. Sau da yawa wanda ya ce ganyensa ya ƙi girma, in ka bincika, ba kabon ya rasa ba, ko taki ne babu, ko zafi ya yi masa yawa, ko kuwa an sayar masa da ganyen tudu aka ce na ruwa ne.

Duk wanda ya zaɓi gas, kowace hanya ce, ƙidayar ƙwayar iskar da ke wucewa a daƙiƙa ba awo ba ne, don girman ƙwayar ya bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Akwai ƴar kwalbar da ake mannawa cikin akwati mai ruwa shuɗi: shuɗi gas ya yi kaɗan, kore ya kai wajen 30, rawaya ya yi yawa. Tana da amfani, amma tana makara da awa ɗaya zuwa biyu, launin da kake gani labarin ɗazu ne. Awon pH, wato awon tsamin ruwa, ya fi sauri. A ruwa mai KH 4 (KH awon bikarbonat ɗin da ke narke cikin ruwa ne), pH 6.6 na nufin kabon 30, pH 6.3 a ruwan nan dai na nufin 60. Tazarar 0.3 kacal ta ninka gas, kuma takardar awo mai launi ba ta iya rarrabe wannan tazara. Hanya mai sauƙi ita ce ka ɗebi ruwan akwati a kofi ka bar shi a buɗe kwana ɗaya gas ya fice, ka auna, sannan ka kwatanta da na cikin akwati lokacin da gas ke aiki. Faɗuwar maki ɗaya cif ita ce iyaka. Ni a bazara ba na kaiwa nan, ina tsayawa wajen miligiram 15 zuwa 20, ganye bai taɓa yi mini ƙorafi ba. Ruwan famfon Yamai daga kogin Isa ake tace shi a Gudel da Yantala, ruwa ne mara nauyin ma'adini, pH ɗinsa na saurin motsi. Na rijiyar burtsatse kuwa kowace da halinta, wani ma yakan fito da nasa kabon daga ƙarƙashin ƙasa, don haka a bar shi ya kwana a buɗaɗɗen bokiti kafin a auna ko a zuba. Kuma kada a ɗauka ruwa mai KH da yawa na kare kifi daga gas: pH kawai yake riƙewa a sama, kabon ɗin na nan yadda aka zuba shi.

Kifin da kansa ya fi duk waɗannan saurin ba da labari: numfashi da sauri, taruwa a sama ko bakin matata, ƙin abinci, tangaɗi. Amma a san wanda ake kallo. Kifaye irin su Betta da gurami suna shaƙar iska daga sama kamar yadda tarwaɗa ke yi, suna iya nuna lafiya lau alhali ƙananan tetra da jatan lande na mutuwa a ƙasa. In ka ga alama, rufe gas, cire murfi, ɗaga bakin matata ya riƙa fasa saman ruwa, kunna famfon iska, ka sauya rabin ruwa da wanda ya kwana, mara sinadarin kulorin, mai zafi kusa da na akwatin. In ba wuta, moɗa da hannunka. Kabon na fita da sauri in ruwa na motsi, kifin da bai yi nisa ba yakan dawo cikin awa guda.

Murfin nan ma a sake duba shi. Muna rufewa ne don ƙurar hunturu da saurin ƙafewar ruwa, amma rufin gilashi ruf yana tara gas a saman ruwa, ƙura da maiƙon abinci kuma suna yin yana mai hana musayar iska. Raga ta fi, ko a bar tazarar yatsa biyu. Ƙaramar fanka da ke busa saman ruwa tana sauke zafi da digiri biyu ko uku, tana kuma taimakon numfashin ruwan, sai dai ka riƙa cika abin da ya ƙafe.

Abin da na gaya wa Auta ke nan a taƙaice, bayan kusan awa guda a waya: yis, a'a, ba a ɗakinsa na Tawa mai rufin kwano ba. Kuɗin da ya fara tarawa ya fara sayen famfon iska mai batiri, irin mai kunna kansa in wuta ta tafi, da ƴar fanka, da ma'aunin zafi. Ya shekara guda da Anubias da Vallisneria da kainuwa, ya ga bazara ɗaya ta wuce kifinsa na raye. In bayan nan har yanzu ransa na kan jan ganye, to gwangwanin ƙarfe na ɗan tsami mai makullin lantarki, ko tukunya mai detandar mataki biyu in ya samu inda zai riƙa cikawa, ya kuma fara a watan Nuwamba da sanyi ya shigo, ranar da yake gida tun safe har dare yana kallon kifin.

Ya ce, "To Yaya, Anubias ɗin fa, a ina zan samu a nan?"

Na ce zan yanko masa daga nawa, in naɗe a jiƙaƙƙen tsumma cikin leda in ba direban motar safe. Yana jure tafiyar yini ɗaya in bai bushe ba.